Daga Maraɗi zuwa Yamai: nisan sama da nisan ƙasa

Jama'a, sau da yawa a tashar mota za ka ji ana cewa jirgin sama yanke hanya yake yi, shi ya sa yake saurin isa. Bari mu yi lissafin tare, domin ɗan kasuwa ya san abin da yake saye da kuɗinsa in ya yanki tikiti.

Maraɗi da Yamai kusan a kan layi ɗaya suke, gabas da yamma. Idan aka miƙa zare daga wannan gari zuwa wancan, tsawonsa wajen kilomita 540 ne. Wannan shi ne nisan sama. Ita kuwa babbar hanyar kwalta wajen kilomita 660 ce, saboda ba ta tafiya sak. Daga Maraɗi sai ta bi Gidan Rumji ta hau arewa zuwa Madawa, ta ratsa Galmi da Ƙonni da Dogonduci, ta gangara kudu zuwa Doso, sannan ta shiga Yamai.

Ke nan bambancin bai wuce kilomita 120 ba. Ribar jirgi tana wajen lokaci. Kamfanin Niger Airlines ya fara jigilar cikin gida a 2014 da jirgi samfurin Fokker 50, mai ɗaukar mutum wajen 50, mai gudun kusan kilomita 500 a awa. Irin wannan jirgi yana cinye tafiyar cikin ƙasa da awa 1 da rabi. Mota kuwa, wanda ya tashi da asuba sai da yamma zai sauka, in ba a samu matsala a hanya ba.

Amma mutumin Gabi ko Madarumfa sai ya fara zuwa Maraɗi tukuna, ya isa filin jirgi da wuri don a auna kaya a duba takardu. A sauka filin Diori Hamani kuma, sai ya nemi tasi zuwa cikin gari. Duk wannan yana cikin lissafi.

Sannan ga maganar kaya. Jirgi mutum yake ɗauka da jakarsa, galibi kilo 20 ko sama kaɗan, abin da ya ƙaru sai an biya. Hajiya mai buhunan aya ko wake ko gyaɗa ba ta da wuri a ciki. Kuma garuruwan da jirgi ke tsallakewa su ne kasuwa: albasar Galmi da kilishin Madawa a bakin kwalta ake sayensu.

To, yaushe jirgi ya dace? Idan mara lafiya ba zai jure yini guda a mota ba. Idan akwai takarda ko alƙawarin ciniki a Yamai wanda in rana ta wuce an yi asara. Idan za a tari wani jirgin zuwa ƙasar waje, kamar na Umra. A nan, awa 8 ko 9 da aka tsira da su za su iya fin kuɗin tikiti daraja.

Shawara ga ƴan'uwa ƴan kasuwa: kafin ku yanke, ku tambayi ofishin kamfani ko akwai tashi a makon, da ranar, da kilon da aka yarje, domin tsarin tafiyar jiragen cikin gida yana yawan canzawa. Allah ya kai kowa lafiya, ya sa albarka a nema.