Zazzafan Mushtari da Tasirinsa a kan Tauraronsa

1.0 Gabatarwa

Malaman hisabi na zaurukan cikin birnin Kano sun daɗe da sanin Mushtari a jerin taurari bakwai masu tafiya. Sai dai kalmar "tauraro" a Hausa ta haɗa mai hasken kansa da mai aron haske. Domin guje wa ruɗani, wannan maƙala za ta kira na farko "tauraro", na biyu kuma "duniya".

2.0 Mene ne Zazzafan Mushtari?

A 1995 Michel Mayor da Didier Queloz na Jami'ar Janeba suka gano 51 Pegasi b, ƙatuwar duniya ta iskar gas da ke kewaya wani tauraro mai kama da rana. Mushtarinmu yakan ɗauki kusan shekara 12 kafin ya kewaye rana, ita kuwa kwana 4 da 'yan sa'o'i sun ishe ta, saboda tsananin kusancinta da tauraron. Irinta ake wa laƙabi da "zazzafan Mushtari".

3.0 Tozon Tauraro

Ƙasar Hausa ba ta da teku, don haka harshen bai tanadi kalma guda ta tumbatsar teku da janyewarta ba, wadda ƙarfin janyowar wata ke haddasawa. Ana iya aron "tozo". Kamar yadda wata ke tayar wa teku tozo, haka ƙatuwar duniya ke tayar wa tauraronta.

Makomar al'amarin ta rataya ne a kan wanda ya fi sauri. Ƙasarmu tana juyawa a kwana ɗaya, wata yana kewaya ta a kwana 27, sai tozon ya riga wata, yana jan sa gaba. Shi ya sa wata ke nisantar mu da kimanin santimita 3.8 a shekara. A wajen zazzafan Mushtari abin yakan juye: duniyar ta fi tauraron sauri, tozon yana bin bayanta yana riƙe ta. Tauraron yana ƙara saurin juyi, ita kuma falakinta yana tsukewa.

An tabbatar da haka a WASP-12b, wadda aka gano a 2008, mai kammala kewaye a kimanin sa'a 26. Awon da aka wallafa a 2020 ya nuna wannan lokaci yana raguwa da kusan kashi 29 cikin 1,000 na sakan kowace shekara, wato saura mata kimanin shekara miliyan 3 tauraron ya lanƙwame ta.

4.0 Kammalawa

Da wannan awo masana ke gane yadda cikin tauraro yake shanye ƙarfin motsi, wurin da babu madubin da ke iya leƙawa. Aikin da ke gaban masana Hausa shi ne daidaita kalmomin "tauraro", "duniya", "falaki" da "tozo" kafin su shiga littattafan makaranta, domin icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.