Rumbun Saƙonni: Yadda Za A Yi Wa Unguwa Allon Sanarwa A Kwamfuta

Duk wanda ya tashi a cikin birnin Kano ya san yadda labari yake tafiya a unguwa. In za a yi suna ko ɗaurin aure, sai a raba goro, a aiki yara gida gida. In rasuwa aka yi, a faɗa a masallaci bayan salla. In kuwa yaro ya ɓace, ko tunkiya ta tsinke, sai a kai cigiya gidan mai unguwa, wani lokaci har gidan rediyo. Wannan tsari yana da kyau, amma yana da aibi guda, watau wanda ba ya nan sa'ad da aka faɗa, ya rasa ke nan. Yaro ya ɓace a Yakasai, a tsince shi a Mandawari, iyaye suna ta zaga lunguna hankali a tashe, wanda ya tsinta kuwa yana zaune da shi a zaure, babu abin da ya haɗa su.

Allon sanarwa irin na makarantarmu ya ɗan rage wannan wahala, sai dai takarda takan yage, sabuwa ta rufe tsohuwa. To, 'yan'uwana ɗalibai, akwai allon da ba ya cika, kuma ɗalibi mai ƙwazo zai iya haɗa shi da ƙaramar kwamfuta. Asirinsa yana cikin abin da ake kira rumbun bayanai.

Kada sunan ya ba iyayenmu tsoro. Wanda ya taɓa ganin littafin bashi na ɗan kasuwa a Kurmi ya riga ya ga rabin abin. An ja layuka a tsaye, nan suna, nan kwanan wata, nan kuɗi, sa'an nan kowane bashi ya ci layi ɗaya a kwance. Wannan shi ne jadawali. Jadawalin saƙonninmu gurbi biyar ya ishe shi: lamba, mai saƙo, ranar da aka rubuta, irin saƙon, ko cigiya ce ko rasuwa ko taro, da kuma maganar kanta.

Gurbin lamba shi ne ya fi kowane muhimmanci, ko da yake shi aka fi rainawa. A unguwa ɗaya za ka sami Sani goma, Musa goma sha biyu, har ma Sani Musa ya kai uku. Mu mutane mukan raba su da laƙabi, mu ce Sani tela, Sani na gidan Alhaji. Kwamfuta ba ta san tela ba. Saboda haka kowane layi sai a ba shi lambarsa shi kaɗai, wadda ba za a sake ba wani ba ko da an share shi. Dalilin ke nan da ya sa aka ba kowa lambar ɗan ƙasa ta NIN, bankuna kuma suka fito da BVN a 2014, kowacce mai alƙaluma 11.

Daga nan sai a yi jadawali na biyu, na mutane: lamba, suna, unguwa. A gurbin mai saƙo ba za a rubuta suna ba, lambar mutumin kawai za a sa. Amfanin haka shi ne, in mutum ya tashi daga Kurawa ya koma Gwale, wuri ɗaya tak za a gyara, ba sai an bi saƙonninsa ɗaya bayan ɗaya ba. Wannan dabara ta ɗaure jadawali da jadawali wani Baturen Ingila ne, Edgar Codd, ya bayyana ta a 1970 yana aiki a kamfanin IBM a Amurka, kuma har yau a kanta yawancin rumbuna suke tsaye.

Da irin wannan ɗauri ake maganin matsalar yaron nan. A ƙara gurbi na shida, wanda zai nuna saƙon da ake ba amsa. Alal misali, cigiyar iyaye ta sami lamba 214. Wanda ya tsinta ya rubuta cewa yaro yana gidan mai unguwar Mandawari, amsarsa ta ɗauki 214 a wannan gurbi. Duk wanda ya buɗe cigiyar zai ga amsar a ƙarƙashinta, ko da saƙo ɗari ya shiga tsakani.

Ana yi wa rumbu magana da wani harshe mai suna SQL, manyan ayyukansa huɗu ne: zuba, ɗauko, gyara, share. Ɗaukowa ita ce mai daɗi. Sai ka ce masa ya kawo duk cigiyar da aka rubuta daga Litinin zuwa yau, ta ƙarshe a sama, kafin ƙiftawar ido ta fito. Kayan aikin ma ba sai an saya ba. SQLite, wadda Richard Hipp ya fitar a shekarar 2000, kyauta ce, tana nan a cikin wayoyin Android da iPhone, kuma tana zuwa tare da harshen Python. Abin da ya rage wa magini fuska biyu ne, ɗaya wadda ake rubuta saƙo, ɗaya wadda ake karantawa.

Akwai tuntuɓen da ya shafe mu Hausawa musamman. In ba a saita rumbu a kan tsarin haruffa na UTF-8 ba, baƙaƙenmu masu lanƙwasa sai su fito alamar tambaya, alhali bari daban, ɓari daban. Kwanan wata kuma, wani zai rubuta na Musulunci, wani na Bature. A bar kwamfuta ta sa shi da kanta, shekara a gaba, sai wata, sai rana, don ta haka ne yake jeruwa daidai.

A ganina babban aikin ba na kwamfuta ba ne. Allon da kowa zai rubuta abin da ya ga dama, wata rana sai wani shaƙiyyi ya sanar da rasuwar mai rai. Don haka a ƙara gurbin amincewa, kada saƙo ya fito sai wani dattijo da mai unguwa ya naɗa ya duba shi. Haka kuma kada rumbu ya ɗauki rubutun baƙo a matsayin umarni, gama mugu yana iya cusa umarnin sharewa cikin saƙonsa. Masu koyar da SQL suna nuna yadda ake raba biyun, kada a tsallake wannan darasi. Lambar waya da adireshin gida kuwa amana ce, a ɓoye su ga mai dubawa kaɗai, balle ma tun 2023 Nijeriya tana da dokar kare bayanan mutane.

Rumbun SQLite duka fayil ɗaya ne, saboda haka kwafe shi ba wuya. Kowace Juma'a a kwafa a ajiye a wani gida dabam, domin kwamfuta takan lalace, ɓarawo kuma ita yakan fara ɗauka.