Wutar Kaduna da Akwatin Mai Kiɗa

 Shirinmu na musamman na yau zai zagaya bayan dandali ne, can inda wayoyi suke a zube, wurin da mai ɗaukar hoto ba ya haskawa ranar biki.

Wanda ya halarci dina a Unguwar Rimi ko Malali, ko taron Mauludi a Kawo, ko ya leƙa irin ƙananan situdiyon da matasa ke buɗewa a shago ko a zaure, ya taɓa ganin wani baƙin akwati mai ƙarfe a kusurwoyi, da murfi gaba da baya. Masu sana'ar sauti, rak suke ce masa. Faɗin cikinsa inci 19 ne a ko'ina a duniya, tsayinsa kuma da hawa ake ƙirga shi, kowane hawa kimanin santimita 4 da rabi. Na mai yawon biki hawa 4 ne ko 6, yadda zai shiga Keke Napep. A ciki ake ɗaure na'urar makirufo mara waya, da saun-kad, da amfilifaya. Gumin shekaru ne a cikin akwati guda, kuma galibi da wata jar waya mai araha ake jona shi da soket ɗin bango.

Kaduna ta daɗe da sanin darajar sauti. Tun 1962 gidan rediyon da muke kira Rediyon Kaduna yake watsa shirye-shirye, kuma ta nan muryoyin su Mamman Shata da Ɗan Maraya Jos suka shiga ƙauyukan Arewa. Kalangu da kuntigi ba ruwansu da an kawo ko an ɗauke. Amma zamanin su Umar M. Shareef da DJ AB, 'ya'yan garin nan, kiɗan ya koma cikin fiyano da kwamfuta. Yau idan wuta ta yi gardama, waƙa ta tsaya.

Wutar da ke shigo mana tana biyowa ta babbar tashar Mando, wadda layin Shiroro ke ciyarwa, sannan kamfanin Kaduna Electric, da ya karɓi rabon wuta a 2014, ya raba ta unguwanni. A watan Oktoba na 2024, bayan an lalata turakun layin Shiroro zuwa Kaduna, wani layin da ke taimaka wa Arewa shi ma ya faɗi, jihohi da dama suka yi fiye da mako guda a cikin duhu. Kowa ya ji wannan a jikinsa. Sai dai mai gyaran kayan sauti zai gaya muku cewa rashin wuta bai cika kashe kaya ba. Abin da ke kashe su shi ne yadda take dawowa, da irin ƙarfin da take zuwa da shi.

A ƙa'ida soket ɗinmu bolt 230 ya kamata ya bayar. Da magariba, idan kowa ya kunna nasa a kan taransifoma ɗaya, sai ta yi ƙasa, ƙwan fitila ya yi ja, fanka ta riƙa juyawa da kyar. Wannan yana wahalar da tsofaffin amfilifaya masu nauyi: murya ta dushe, ƙarfe ya yi zafi. Yawancin sababbin kaya kuwa, idan kuka juya bayansu, za ku ga an rubuta 100 zuwa 240, wato ƙarancin wuta bai cika damunsu ba. Yawanta ne ajalinsu. Mafi muni shi ne ranar da wayar nutural ta tsinke a kan fol ko ta saki a taransifoma. A irin wannan rana soket ɗin da aka saba samun 230 yana iya hawa kusa da 400, kuma ba ya sauka sai an gyara. Ita ce ranar da za ka ji layi guda ana salati, wannan talabijin, wancan firji, ga ƙaurin roba ya cika gida.

To, a nan ne nake so matasanmu masu situdiyo su ba ni aron kunnuwansu. Akwai wata na'ura siririya mai cin hawa ɗaya ta rak, da soket jere a bayanta, irin wadda kamfanin Furman na Amurka ya yi suna da ita. Kyakkyawa ce, tana tace hayaniyar da ke biyo waya, tana kuma tare tsallen wuta na farat ɗaya. A cikinta akwai wani ɗan faifai mai kamar kwabo, wanda idan wuta ta yi tsalle na ƙasa da ƙiftawar ido yake shanye rarar. An ƙera shi ne don ƙasashen da matsalarsu ke nan. Idan wuta ta hau 300 ko 400 ta zauna, faifan zafi zai yi ya ƙone, abin da ke bayansa ya bi shi. Masu tsada daga cikinsu suna iya yanke wutar da kansu, amma masu arahar da suka fi yawa a hannun mutane ba sa yi, ba sa kuma ɗaga wutar da ta yi ƙasa. Sannan a kula da na gwanjo. Wadda aka yi don Amurka ta bolt 120 ce, kana jona ta a Kaduna ta tashi daga aiki nan take. A karanta abin da ke rubuce a jiki kafin a biya kuɗi.

A ganina, abu na farko da ya cancanci wuri a cikin rak ɗin Kaduna shi ne ɗan mai gadin nan da ke da allon lambobi, wanda ke yanke wuta idan ta haura ko ta gaza iyakar da aka sa masa, ya kuma jira na wani ɗan lokaci kafin ya sake buɗewa. Ana samunsa a shagunan kayan wuta, kuɗinsa bai kai na makirufo mai kyau ba. Jiran nan da yake yi shi ne rabin amfaninsa, domin ya bar wutar ta natsu bayan an kawo ta. Batun wuri kuma da sauƙi: yawancin na'urorin sauti ba su cika zurfin akwatin ba, don haka akwai fili ta baya. A sa mai aikin wuta da ya san hannunsa ya ɗaure shi a can, allonsa na kallon waje, wuta ta fara ratsa shi kafin ta isa ga komai. Idan da hali, sai siririyar mai tacewa ta biyo bayansa a hawa na sama. Amfilifaya kuwa ƙasa, saboda nauyi, a bar mata sarari ta sha iska, a riƙa busa mata ƙurar hunturu.

Sitabilaiza tana da amfani a unguwar da wuta ke yawan yin ƙasa, amma wurinta waje ne. Taransifomar cikinta tana jefa gurnani a cikin makirufo idan sun kusanci juna, ga nauyi, ga zafi. A ajiye ta gefe, a sayi wadda ta fi ƙarfin kayan, domin idan wutar shigowa ta yi ƙasa sosai ba ta iya ɗaukar nauyin da aka rubuta a kwalinta. Kwamfutar ɗaukar murya kuma a ba ta batirinta ko inbata mai tsabtar wuta, kada mawaƙi ya zuba baitin da ya fito masa daga zuci a ɗauke wuta kafin a adana.

Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, kowa lallaɓa janareta yake yi, ana barinsa har mai ya ƙare ƙarƙaf. Lokacin da yake shure-shuren mutuwa wutarsa hawa da sauka take yi. A tayar da shi, a bari ya daidaita, sannan a jona kaya. A cire kaya kafin a kashe shi. Kada a haɗa kayan sauti da firizar mai abincin biki a kan waya ɗaya. Wajen kunnawa amfilifaya ce ta ƙarshe, wajen kashewa ita ce ta farko, don kada lasifika ta sha bugu.

Akwai abin da ya fi kaya, shi ne rai. Fulogi mai baki uku, bakin nan na sama dogo shi ne hanyar da wuta ke bi ta gudu ƙasa idan ta ɓalle ta taɓa jikin ƙarfe. Sau da yawa idan gurnani ya dami mai haɗa sauti sai ya tsinke wannan waya, gurnanin ya yi shiru, ya ɗauka ya yi gyara. Daga nan kuwa, idan wuta ta ɓalle, jikin mai riƙe da makirufo ne hanyarta. A 1972, a garin Suwansi na Birtaniya, wani makaɗin jita mai suna Leslie Harvey ya taɓa makirufo marar wayar ƙasa a kan dandali, ya mutu a gaban masu kallo. Mu da muke taro a filin da aka yayyafa wa ruwa, ko a kan siminti ba takalmi, haɗarin ya fi kusa da mu. Gurnani yana da magani na halal: a ɗauki wutar kayan duka daga wuri guda, a yi amfani da wayoyin sauti masu baki uku, a raba hanyarsu da ta wayoyin wuta. A ƙara da bireka mai jin yoyon wuta, ta miliamfiya 30, wadda ke yankewa kafin zuciya ta tsaya. Mai zauren biki kuma ya kira mai aikin wuta ya auna ko soket ɗinsa na da ƙasa ta gaskiya, domin akwai gine-ginen da baki ukun ado ne kawai.

Saura tsawa. Daga Afrilu zuwa Mayu, lokacin da hadarin farkon damina ke tasowa da iska da walƙiya, babu na'urar da za ta shiga rak ta iya tare aradun da ta sauka kusa a kan layi. Kashe makunni ma bai isa ba. Da an ga gabas ta haɗe, a zare fulogi daga bango gaba ɗaya, a zare wayar da ta tafi lasifikar waje, a jira ruwan ya wuce.