Counter-Strike: wasan da ɗalibai biyu suka ƙera, duniya ta karɓa

Tun da aka kammala gasar wasannin kwamfuta ta duniya a birnin Riyadh na Saudiyya a watan Agustan 2025, wadda aka ware wa kyautar da ta haura dala miliyan 70, ake ta cece-kuce a kanta. Wasu na ganin almubazzaranci ne a zuba wannan dukiya kan wasan yara. Wasu kuma sun ɗauka duk wasan da aka buga a can manyan kamfanoni ne suka zauna suka ƙirƙiro shi da tulin kuɗi. Duka ɓangarorin biyu sun yi wa batun gurguwar fahimta, kuma tarihin Counter-Strike, wasan da 'yan ƙungiyar The MongolZ ta ƙasar Mongoliya suka lashe kofinsa a gasar, ya isa hujja.

Yadda ake buga shi ba wani dogon turanci ba ne. Mutum biyar ne ke karawa da biyar, kowa na kallon fili ta idon ɗan wasansa, bakin bindiga kawai yake gani a gabansa. Ɓangare ɗaya na ƙoƙarin dasa bam, ɗayan na hana su ko kwance shi kafin daƙiƙa 40 su cika. Wanda aka harbe sai ya zauna kallo har a gama zagayen. Ana fara wasa da dala 800 ta cikin wasa, bindigar AK-47 kuwa dala 2,700 ce. Don haka za ka ga ƙungiyar da aka ci ta haƙura ta shiga zagaye da 'yar ƙaramar bindiga, ta san da wuya ta kai labari, don dai ta tara abin sayen makami a zagaye na gaba. Lissafi da haƙuri da jin maganar juna su ke kawo nasara, fiye da saurin yatsa.

Abin da ba a cika faɗa ba shi ne waɗanda suka ƙera shi. A 1998 kamfanin Valve na Amurka ya fitar da wasan Half-Life, ya kuma saki kayan aikin da mai sha'awa zai iya sauya wasan da su. Irin wannan kwaskwarima da 'yan wasa ke yi da kansu ita ake kira mod. Kamar bakanike ne ya samu injin mota mai lafiya ya ɗora masa sabon jiki. Wani ɗalibi a Jami'ar Simon Fraser ta Kanada, Minh Le, haifaffen Biyetnam, shi ya ɗauki kayan ya rubuta tsarin wasan, ya zana bindigogi da mutanen ciki. Abokin aikinsa Jess Cliffe, shi ma ɗalibi a Amurka, ya riƙe hulɗa da 'yan wasa, muryarsa ce ma aka ɗora a saƙonnin oba-oba na cikin wasan. A watan Yunin 1999 suka saki gwajin farko kyauta. A lokacin ceto mutanen da aka yi garkuwa da su ne aikin, batun bam daga baya ya shigo. Filayen wasan ma 'yan sa-kai ne suka riƙa zanawa suna aikowa. Dust, da ƙaninsa Dust II da har gobe ake kece raini a kansa, wani matashi ɗan Ingila mai suna Dave Johnston ne ya zana su. Da Valve ya ga jama'a sun yi caa a kan wasan, sai ya sayi haƙƙinsa a shekarar 2000, ya ɗauki samarin biyu aiki.

Ba su ne farau ba kuma. Tun 1993 kamfanin id Software ya tsara wasan Doom yadda kowa zai iya sauya filayensa. A 1996 wasu samari uku 'yan Ostireliya suka ƙera Team Fortress a kan wasan Quake, daga baya Valve ya ɗauki biyu daga cikinsu. PUBG ɗin da yaranmu ke kwana a kai a waya, tushensa kwaskwarimar da Brendan Greene ɗan ƙasar Ayalan ya riƙa yi wa wasannin Arma. Kusan duk inda ka tona, wani mai sha'awa ne da kwamfutarsa a ɗaki, ba albashi, ba ofis.

Abin takaici, ƙofar da aka shigo ta ita ake turawa yanzu. Wasu masoya wasan sun shafe kusan shekara takwas suna haɗa Classic Offensive, wani mod da zai dawo da salon tsohon Counter-Strike. A 2025 Valve ya ƙi barin a sa shi a kasuwarsa ta Steam, har masu aikin suka sanar da jingine shi. Doka na iya kasancewa a gefen kamfani, amma wanda ya ci arziƙin aikin 'yan sa-kai bai kamata a ce shi ne ya manta mafari ba.

Mu kuma namu laifin ya fi wannan. Daga Kano zuwa Maraɗi matasa na ƙona data kan Free Fire da Call of Duty, sun san sunan kowace bindiga, amma da wuya ka samu wanda aka taɓa gaya masa cewa ana buɗe cikin wasa a gyara. Iyaye faɗa kawai suka iya. Makarantu na koyar da kwamfuta a kan allo, wasu ɗakunan kwamfutar ma a kulle suke don kada yara su ɓata. Hukumomi irin su NITDA ta Najeriya kullum maganar tattalin arziƙin zamani ce a bakinsu, to me ya hana a shirya gasar zana fili ko gyara wasa tsakanin ɗaliban sakandare da na jami'a? Akwai manhajojin kyauta na yin wannan aiki irin su Godot da Blender, abin da ya rage wuta ce da kwamfuta da malamin da ya san hanya.

Ba ana cewa a sakar wa yaro waya ya kwana harbi ba, iyaka dole ce. Amma uban da ya ga ɗansa ya nace wa wasa, kafin ya ƙwace wayar ya tambaye shi ko ya san yadda aka haɗa abin. In bai sani ba, a nema masa inda zai koya.