Ba Mu Da Teku, Amma Muna Da Fadama

Kana latsa waya sai ka ci karo da hoton ɗanyen mai ya malale a kan ruwa a Neja Delta. Ka ce "Allah sarki", ka wuce. Ai mu 'yan Birnin Kudu da Gwaram ina ruwanmu da teku, ko? To dakata tukuna.

A 2011 Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar da rahoto kan ƙasar Ogoni, inda mai ya kashe dausayin da kifi ke hayayyafa a bakin teku. Rahoton ya ce gyaran ɓarnar zai iya cin shekara 25 zuwa 30. Kai shekarunka nawa?

Namu dausayin shi ne fadama, kuma ba sai an zuba mata mai take mutuwa ba. A tare mata ruwa kawai ya isa. Tambayi mutanen Haɗejiya da Nguru. An gina madatsar Tiga a 1974, ta Challawa ta biyo baya a 1992. Kano ta samu ruwan sha da na noman rani, wannan gaskiya ne. Amma ambaliyar da ke jiƙa fadamun can ƙasa duk damina ta ragu, ciyawar kacalla ta toshe hanyoyin ruwa. Masunci ya ji a jikinsa, mai shinkafa ya ji, Bafulatani mai shanu ma haka.

Yanzu dawo gida. Kogin Bunga da ke ratsa ƙasar Gwaram, wanda a gaba ake kira kogin Jama'are, har yau babu babbar madatsa a kansa. Shekara da shekaru ana maganar gina ta Kafin Zaki a can samansa, cikin jihar Bauchi. Ranar da aka gina ta, ruwan da ke isa gonar babanku sai yadda mai buɗe ƙofa ya ga dama.

Ni ban ce kada a yi aiki ba. Amma tun 1992 doka ta wajabta a binciki illar duk wani babban aiki ga muhalli kafin a fara, a kuma baje rahoton jama'a su duba su yi magana. Sau da yawa wa'adin kan wuce shiru. Idan ka ga sanarwar, ɗauki hotonta ka tura guruf ɗin unguwa, ka karanta wa dattawa da Hausa, sannan ku tambaya a rubuce: ruwa nawa za a riƙa sakar mana a watan Agusta?