Hisabin Shekara a Kan Sirdin Keke

Duk ƙarshen shekara, lokacin da 'yan kasuwa ke rufe littattafansu, ma'aikata kuma ke harhaɗa rahoton aiki, ni ma akwai wani ɗan littafi da nakan ɗauko in yi wa kaina hisabi. Littafi ne irin na 'yan makaranta, wanda gumi da ƙura suka sauya wa bangonsa launi. A cikinsa nake rubuta duk fitar da na yi a kan keke: ranar da na fita, hanyar da na bi, kilomita nawa na ci, da yadda na ji jikina bayan na dawo. Shekara biyar ke nan ina wannan al'ada, amma lissafin shekarar 2025 ya sha bamban da na sauran, domin ita ce shekarar da na fi tuƙa keke, kuma ita ce shekarar da saura ƙiris in jingine shi gaba ɗaya.

Ya kamata in fara da gaya wa mai karatu yadda aka yi magidanci ɗan shekara 48, ma'aikacin ofis a Kano, ya koma hawa keke. Tsoro ne ya kai ni. A ƙarshen shekarar 2020 likita ya auna jinina, ya sake aunawa, sannan ya tambaye ni ko akwai mai hawan jini a gidanmu. Na ce masa mahaifina ya yi shekara shida a kwance da shanyewar ɓarin jiki kafin Allah Ya karɓi abinsa. Likitan ya rubuta mini magani, ya ce amma maganin ba zai wadatar ba muddin rayuwata ba ta wuce tashi daga kujerar mota zuwa kujerar ofis, daga nan zuwa tabarmar majalisa, a rufe da malmalar tuwo ƙarfe goma na dare ba. Ya tuna mini da shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya, cewa baligi yana buƙatar aƙalla minti 150 na motsa jiki a kowane mako. Gudu ya fi ƙarfin gwiwoyina, don haka na sayi keke na gwanjo.

Wahalar farko da na sha daga bakin mutane ta fito. Ranar da na fara fita, wani maƙwabcina ya tsayar da ni cikin tausayawa ya ce, “Alhaji, lafiya dai ko? In motar ce ta samu matsala ai sai ka yi magana.” Wasu kuwa ba su tambaya ba, sun yanke hukunci kawai cewa karayar arziki ce ta same ni. A ƙasar nan mun ɗauki keke a matsayin tambarin talauci, mun manta cewa a zamanin iyayenmu malamin makaranta ko ma'aikacin En'e da ya mallaki Raleigh, shi ne abin nuni a gari. Idan ba a manta ba, marigayi Cif Ojo Maduekwe, lokacin yana Ministan Sufuri, ya yi ta kiran 'yan Nijeriya da su rungumi keke, har shi da kansa ya riƙa hawa zuwa aiki a Abuja, kuma a shekarar 2001 wata motar bas ta ture shi ya faɗa kwata. Abin da jama'a suka riƙe daga wannan kira shi ne dariyar faɗuwar. Sai da aka janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023 sannan wasu daga cikin masu yi mini dariya suka fara tambayata nawa ake sayar da irin kekena.

Shekaru huɗun farko na yi su cikin kwanciyar hankali. Ina idar da sallar Asuba in ɗaura hular kwano, in kama hanyar Wudil ko ta Bichi kafin manyan motoci su cika titi, in dawo in yi wanka in tafi aiki. Nauyina ya ragu, barcina ya gyaru, jinin kuma ya sauka har likita ya rage mini magani. Da a nan na tsaya, da babu abin da zan rubuta yau.

A farkon 2025 ne na haɗu da wani gungun matasa masu fita atisaye duk ranar Asabar. Su suka koya mini cewa tuƙin keke ilimi ne. A wurinsu na san cewa gara mutum ya sa giya mai sauƙi ya riƙa juya feda sau 80 zuwa 90 a minti ɗaya, da ya sa mai nauyi yana dannawa da ƙarfin tsiya har gwiwa ta lalace. A wurinsu na san cewa babban abokin gabar mai keke iska ce, kuma wanda ya fake a bayan wani a cikin ayari yana rage kusan kashi ɗaya cikin uku na ƙarfin da zai kashe. Sun kuma gaya mini abin da masana atisaye suka daɗe suna faɗa, cewa mafi yawan tuƙin mako, kamar kashi huɗu cikin biyar, a yi shi a hankali ta yadda mutum zai iya hira da na kusa da shi, ragowar ne kawai ake matsa wa jiki. Na karɓi darasi biyun farko hannu bibbiyu. Na ukun kuwa na ɗauka na ragwaye ne.

Su ne kuma suka ɗora mini wata manhaja a waya mai auna tafiya da gudu, tana jera sunayen mahaya daga na ɗaya zuwa na ƙarshe. Daga ranar na shiga uku. Da can ina dawowa gida in ce alhamdulillahi, yanzu kuwa kafin in cire takalmi na buɗe waya in ga wa ya wuce ni. Da aka sanar cewa za a shirya tseren kilomita 80 na masu sha'awa a watan Oktoba, sai na ƙudurta a raina cewa sai na shiga cikin goman farko, in nuna wa yaran nan cewa da tsohuwar zuma ake magani.

Duk mai tuƙa keke a Arewa ya san cewa yanayi ne ke tsara masa jadawali. A hunturu, sanyin asuba kan sandarar da yatsu a kan birki, hazo ya hana direba hango ka, ƙura ta cika ƙirji ta kuma cinye sarƙa. A bazara, idan ƙarfe tara ta yi maka a hanya, ka shiga hannun rana, domin zafi kan kai digiri 40 ko ya wuce. Azumin 2025 ya faɗo a watan Maris, kuma abokan tafiyata duk sun rage fita, wasu sun koma ɗan zagaye kaɗan bayan sallar Tarawihi. Ni kuwa na ƙi ragewa. Da damina ta sauka, ruwa ya riƙa ɓoye ramukan titi, sau biyu ina faɗuwa, amma ko mako guda ban huta ba. Kafin watan Satumba jikina ya fara aiko mini da saƙo: bugun zuciyata da safe ya ƙaru a kan yadda na saba, barci ya ƙaurace mini, abinci ya fita raina, ga saurin fushi har yaran gida suka fara kauce mini. Waɗannan duk sanannun alamu ne na wanda ya wuce gona da iri a atisaye, domin jiki a lokacin hutu yake gina ƙarfin da aka nema a wurinsa lokacin wahala. Na san haka, amma na toshe kunnena.

A cikin wannan watan ne aka yi gasar tseren keke ta duniya a Kigali, babban birnin Ruwanda, karo na farko da aka kawo ta nahiyar Afirka. Na zauna na kalli yadda Tadej Pogacar, ɗan ƙasar Sulobeniya, ya ɓalle shi kaɗai tun da sauran fiye da kilomita 60 a kai ƙarshe, a tseren da ya haura kilomita 260, kuma babu wanda ya sake kamo shi. Abin ya burge ni ƙwarai, har na fara raya wa kaina abin da bai kamata ba. Na manta cewa wutsiyar raƙumi ta yi nesa da ƙasa.

Ranar tserenmu, ba mu kai kilomita 20 ba na fice daga ayari na yi gaba ni kaɗai. Na yi kusan rabin sa'a ina jin kaina sarki. Dabino da ayabar da na zuba a aljihun riga ko taɓa su ban yi ba, don kada in ɓata lokaci, alhali na san cewa makamashin da jiki ke ajiyewa a tsoka yakan ƙare cikin sa'a ɗaya da rabi zuwa biyu idan ana aiki mai tsanani. Ayarin ya riske ni cikin natsuwa, ya wuce ni kamar ina tsaye. Wajen kilomita 55 ƙafafuna suka ɗaure, idanuna suka fara ganin duhu-duhu, na sauka a gindin wata bishiyar darbejiya ina tunanin yadda zan tari mota in koma gida ba tare da kowa ya gan ni ba.

Ina nan zaune sai ga wani yaro daga cikin 'yan tseren, wanda bai wuce shekara 19 ba, yaron wani mai faci ne, tayarsa ce ta fashe ta mayar da shi baya. Kekensa haɗe-haɗe ne, babu wani ƙarfe a jikinsa da ya zo tare da ɗan'uwansa daga kamfani. Ya tsaya ya ba ni ruwan da ya jiƙa da gishiri da sukari, ya sa na ci dabinon da ke aljihuna, sannan ya ce, “Baba, tashi ka shiga bayana. Kada ka dubi nisan hanya, tayata kawai za ka riƙa kallo.” Haka ya ja ni kilomita 25, yana tare mini iska, yana rage gudu duk lokacin da ya ji numfashina ya sauya. Mu ne kusan na ƙarshe da suka iso. Daga baya aka gaya mini cewa ba don tayar nan ba, da wuya a samu wanda zai riga shi.

Kunya ta sa na rataye keken a bango, na yi mako shida ban taɓa shi ba. Na koma tsohuwar rayuwata, ina gaya wa kaina cewa dama abin na yara ne. Wata safiya a ƙarshen Nuwamba na ɗaura na'urar awon jini, sai na ga lambar da rabona da ita tun shekarar 2020. Uwargidana tana tsaye tana kallo. Ba ta yi dogon bayani ba, cewa kawai ta yi, “Malam, ni dai a sanina ba don kofi ka sayi keken nan ba.” Washegari na sauko da shi, na share ƙura, na sa wa sarƙa mai, na bar wayar a gida. Na tafi Kura a hankali, ina gaisawa da manoman rani, na sha shayi a bakin hanya na dawo. Rabon da in ji daɗin keke irin na ranar, tun kafin in san manhajar nan.

To, me hisabin ya nuna? Littafina ya ce na ci kilomita fiye da na kowace shekara, amma ribar da na samu ba ta kai ta shekarun da nake tafiya sannu ba. Ban ce tsere aibu ne ba. Yana da amfani, domin shi ke tayar da mutum daga shimfiɗa ranar da sanyi ya ce a kwanta, kuma shi ke gaya wa mutum gaskiyar matsayinsa ba tare da kara ba. Kuskurena shi ne na bar burin rana ɗaya ya cinye dalilin da ya sa na fara. Ɗan wasan da sana'arsa ke nan yana iya sayar da lafiyarsa don ya ci kofi, domin da shi yake ci da iyalinsa. Ni da ire-irena kuwa abin da muke nema shi ne mu kai shekara 70 muna zuwa masallaci da ƙafafunmu, kuma wannan naci yake so, ba garaje ba.

Akwai kuma bashin yaron nan a kaina, wanda ya sa dole in yi magana da 'yan'uwana ma'aikata da masu hali. Biniam Girmay na ƙasar Eritiriya, wanda a 2024 ya lashe zango uku a gasar Tour de France ta Faransa, ya fito ne daga ƙasar da ba ta kai mu arziki ba, amma tseren keke ya zauna a cikin al'adarta. Burkina Faso tana shirya gasar Tour du Faso tun 1987. Mu kuwa muna da filin tseren keke a babban filin wasa na Abuja, wanda aka gina don wasannin Afirka na 2003, amma sai a 2024 aka samu wanda ya wakilci Nijeriya a tseren keke na Olamfik, wato Ese Ukpeseraye, wadda sai da tawagar Jamus ta ara mata keken da ta shiga wani ɓangare na gasar a Faris. Yara irin wanda ya ja ni suna nan birjik a garuruwanmu. Abin da ya rage musu bai fi taya mai kyau, da hular kwano, da kuɗin motar zuwa gasa ba, abin da bai kai kuɗin man da wasunmu ke ƙonawa a mako guda ba.

A shafin farko na littafin sabuwar shekara na rubuta abu uku. Zan riƙa fita sau huɗu a mako, in huta sauran kwanakin ko da jikina yana ce mini zai iya. Zan sake shiga tseren idan Allah Ya kai mu, amma a cikin ayari, da dabinona a baki. Na ukun kuma na riga na fara: na saya wa yaron nan tayoyi biyu sababbi, kuma na ɗauki nauyin zuwansa duk gasar da ya samu shiga.

Ga wanda ya karanta wannan yana zaune a ofis, likita ya riga ya yi masa irin gargaɗin da aka yi mini, shawarata ita ce kada ya jira sai ya sayi keke mai tsada, kada kuma ya damu da abin da maƙwabta za su ce. Ya fara da minti 20 bayan Asuba, ya sa hular kwano, ya riƙe gefen hanya. Lafiya uwar jiki ce, babu mai fushi da ita. Allah Ya ƙara mana lafiya, Ya kuma kiyaye mu a kan hanya.