Shekara Guda a Bakin Gadon Mai Jinya: Yadda Amurka ke Horar da Mataimakan Likitoci

A kowane babban asibiti akwai wani ɗaki da ba a barin ƴan dubiya su shiga yadda suka ga dama. Can ake kwantar da mutumin da numfashinsa ya gaza, ko zuciyarsa ta raunana, ko ƙodarsa ta tsaya, ko wanda aka ɗauko daga hatsarin mota rai kwakwai mutu kwakwai. Ma'aikatan lafiya na Nijar suna ce masa "reyanimasiyo", da Hausa kuwa sai a ce ɗakin kulawa ta musamman. A wannan ɗaki jinkirin minti biyar ya isa ya raba mutum da duniya. Saboda haka abin tambaya shi ne: wane ne ke tsaye a bakin gadon da ƙarfe 3 na dare, sa'ad da babban likita ya koma gida?

A asibitoci da yawa na ƙasar Amurka, mai tsayuwar nan mataimakin likita ne, ko kuwa ma'aikacin jinya mai zurfin karatu. Tun da yake nauyin da aka ɗora musu babba ne, waɗansu asibitoci sun shirya musu ƙarin horo na shekara guda bayan sun karɓi takardar gama makaranta.

Asalin ɗakin

Shi wannan ɗaki bai daɗe a duniya ba. A shekarar 1952 annobar shan inna ta auka wa birnin Kofenhagen na ƙasar Danmak. Cutar takan kashe naman da ke motsa ƙirji, sai yaro ya kasa numfashi. Daga cikin mutum 31 na farko da aka kai asibitin Blegdam cikin wannan hali, 27 sun rasu. Ran 27 ga watan Agusta wani likita mai sa barci wajen aikin tiyata, Bjørn Ibsen, ya sa aka huda maƙogwaron wata yarinya ƴar shekara 12, aka zura tiyo, ya dinga tura mata iska da jakar roba, ta kuwa rayu. Da yake babu isassun na'urori, sai aka kira ɗalibai wajen 1,500 suna karɓa-karɓa dare da rana, suna matsa jakar da hannu. Yawan mace-mace ya sauko ƙwarai. A 1953 Ibsen ya buɗe ɗaki na musamman don irin waɗannan majinyata. Tun daga farko ke nan an gane cewa wannan aiki yana cin hannuwa da yawa, kuma tilas hannuwan su kasance a bakin gado ko da yaushe.

Sana'o'i biyu da suka fito a shekara ɗaya

A 1965 Amurka tana fama da ƙarancin likitoci, musamman a karkara. Likita Eugene Stead na Jami'ar Duke, cikin jahar Karolina ta Arewa, ya lura da cewa akwai tsofaffin sojoji da suka iya aikin jinya a soja, amma babu gurbinsu a asibitocin farar hula. Ya ɗauki huɗu daga rundunar ruwa ya shiga koya musu. Uku suka kammala ran 6 ga Oktoba 1967. Su ne mataimakan likita na farko. A shekarar 1965 ɗin dai, a Jami'ar Kolorado, wata malamar jinya, Loretta Ford, da likitan yara Henry Silver suka fara ba ma'aikatan jinya ƙarin ilimi don su iya duba yara da kansu.

Yau mataimakin likita yakan yi karatu na wajen wata 27 bayan digirinsa na farko, ciki har da awa wajen 2,000 na koyon aiki a sassan asibiti. Ma'aikacin jinya mai zurfin karatu kuwa yakan ƙara digiri na biyu ko na uku a kan na jinya, tare da awa 500 a ƙalla na duba marasa lafiya a gaban malami. Dukansu biyu suna da izinin auna majinyaci, su sa a yi masa gwaji, su rubuta masa magani. A 2023 mataimakan likita sun haura dubu 170, ma'aikatan jinya na wannan daraja kuma sun haura dubu 385.

Abin da ya kai su ɗakin kulawa

Abu biyu ne suka buɗe musu ƙofar. Na farko, gajiyar ƙananan likitoci. A da, likitocin da suka gama makaranta suna neman ƙwarewa su ne ke riƙe da asibiti da dare, wani ya yi awa 36 a jere bai runtsa ba. A 1984 wata yarinya ƴar shekara 18, Libby Zion, ta rasu a wani asibitin birnin Niyu Yok tana hannun irin waɗannan likitoci. Mahaifinta, wanda yake lauya ne kuma ɗan jarida, ya tsaya kai da fata sai an bincika. A 1989 jahar ta kafa doka kada aikinsu ya wuce awa 80 a mako, a 2003 kuma ƙa'idar ta game ƙasar duka. Awoyin da aka rage musu kuwa dole a sami wanda zai cike su.

Na biyu, ƙarancin ƙwararrun likitocin wannan fanni. Wani bincike da aka buga a shekarar 2000 ya yi hasashen cewa, saboda tsofaffi suna ƙaruwa, giɓin zai kai kashi 22 bisa 100 na bukata a 2020, ya kai kashi 35 a 2030. Ta hanyar da aka fi bi, samar da ƙwararre guda yana cin shekara 9 a ƙalla bayan digirin farko: 4 a makarantar likita, 3 na koyon aiki, 2 ko 3 na ƙwarewa. Asibitoci ba su iya jira ba, sai suka juya ga mataimaka.

Takarda daban, aiki daban

To, a nan ne matsala ta taso. Makarantar mataimakin likita tana zagaya shi ne ko'ina: sashen yara, na haihuwa, na tiyata, na gaggawa, na masu taɓin hankali. Ɗakin kulawa ta musamman in ya shige shi, ƴan makonni ne. Ga shi kuwa ran da ya kama aiki za a miƙa masa mutumin da na'ura ke yi wa numfashi, ana ɗura masa magani iri biyar ko shida a lokaci guda. Yadda aka saba shi ne sabon ma'aikaci ya bi wani na gaba da shi na ƴan watanni, sa'an nan a sake shi. Wani yakan dace da malami mai haƙuri, wani kuwa ya faɗa hannun wanda aiki ya sha kansa.

Maganin da aka samo shi ne tsararren horo bayan makaranta. Asibitin Montefiore na Niyu Yok ne ya fara, a 1971, a fannin tiyata. A 2010 babbar cibiyar ba da shawara kan lafiya ta Amurka ta nemi a shirya wa ma'aikatan jinya irin wannan gada tsakanin aji da aiki. A farkon shekarun 2010 asibitocin Jami'ar Emory da ke Atlanta suka kafa horo na wata 12 kan kulawa ta musamman, inda ake haɗa mataimakan likita da ma'aikatan jinya a aji ɗaya. Waɗansu manyan asibitoci ma suna da nasu. Mutum ƙalilan ake ɗauka kowane zango, domin kowanne yana bukatar idon malami a kansa.

Yadda shekarar take

Ana raba shekarar kashi-kashi, yawanci wata-wata. Mai koyo yakan zauna a ɗakin masu ciwon huhu da zazzaɓi mai tsanani, ya koma na waɗanda aka yi wa tiyata, ya je na masu ciwon zuciya, da na ƙwaƙwalwa, da na masu rauni ko ƙuna. Yakan bi likitocin ƙoda ya ga yadda ake wankinta, ya bi masu sa barci ya koyi zura tiyo a maƙogwaro. Kafin ya taɓa ɗan Adam, sai ya yi ta gwadawa a jikin mutum-mutumin roba. Kowane aiki na hannu ana rubuta shi a littafi: sau nawa ya sa siririn tiyo a babbar jijiyar wuya, sau nawa ya zuƙe ruwa daga ƙirji ko ciki, sau nawa ya duba zuciya da na'urar eko. Sai ya cika adadin da aka yanka a gaban malami kafin a bar shi ya yi shi kaɗai.

Akwai kuma ilimin da bincike ya tabbatar, wanda tilas ya zauna masa a ka. Ga misali, a shekarar 2000 an gano cewa in huhu ya kumbura ƙwarai, cika shi da iska ɓarna ne. Da aka rage abin da na'ura ke turawa daga mililita 12 zuwa 6 bisa kowane kilo na nauyin da ya dace da tsawon mutum, mace-mace sun sauko daga kusan kashi 40 zuwa kashi 31. Haka nan a jahar Mishigan, likita Peter Pronovost ya sa ɗakuna 103 su kiyaye ƙa'ida biyar wajen sa tiyo a jijiya: wanke hannu, rufe jiki da kaya masu tsabta, goge fata da maganin kashe ƙwayoyin cuta, kauce wa jijiyar matsematsi, da cire tiyon da zarar amfaninsa ya ƙare. Sakamakon da aka buga a 2006 ya nuna cewa shigar ƙwayoyin cuta cikin jini ta wannan hanya ta ragu da kusan kashi biyu bisa uku.

Har ila yau ana koya masa abu biyu da littafi ba ya iya bayarwa. Ɗaya shi ne zama da iyalin majinyaci a faɗa musu gaskiya cikin ladabi, in magani ya kai iyakarsa. Ɗayan kuwa sanin iyakar kansa: ya gane lokacin da ya wajaba ya ta da babban likita daga barci ba tare da jin kunya ba.

Shaida da gardama

Sai an gwada akan san na ƙwarai. A asibitin Jami'ar Vanderbilt da ke jahar Tenesi an bi sawun majinyata fiye da dubu 9 da aka kwantar a ɗakin kulawa, waɗansu a hannun ma'aikatan jinya masu zurfin karatu, waɗansu a hannun ƙananan likitoci, duka biyu ƙarƙashin ƙwararren likita. Sakamakon ya fito a 2016: bayan kwana 90, yawan waɗanda suka rayu bai bambanta ba. Amma a lura, waɗannan ma'aikata sai da asibitin ya ba su horo na musamman, kuma ba su yi aiki su kaɗai ba.

Duk da haka gardama ba ta ƙare ba. Babu dokar da ta tilasta wannan shekara, kuma mafi yawan masu aiki a ɗakunan ba su yi ta ba. Ƙungiyoyin mataimakan likita da na ma'aikatan jinya sun ƙi a mai da ita wajibi, suna ganin yin haka zai sa a raina takardarsu, ya kuma rage masu shiga aiki. Albashin mai koyo bai kai na cikakken ma'aikaci ba, ga shi da yawa sun fito makaranta da bashi a wuyansu. Ta ɗaya gefen, a 2020 ƙungiyoyin likitocin gaggawa sun nemi kada a kira masu wannan horo da sunan da ake kiran likitoci masu neman ƙwarewa, don kada majinyaci ya ruɗe ya kasa sanin wanda ke duba shi. Su kuwa masu goyon baya suna cewa kuɗin da asibiti ya kashe cikin shekarar yana dawowa, in ma'aikacin ya zauna ya kuma koya wa na bayansa.

Ranar da aka ga amfaninsu

A 2020 cutar korona ta cika asibitocin Niyu Yok da sauran birane. Masana'antu sun ƙera na'urorin numfashi da gaggawa, amma ba a ƙera wanda ya iya sarrafa su cikin mako guda. Sai aka bi tsarin da ƙungiyar likitocin kulawa ta musamman ta tanada: ƙwararre guda ya shugabanci rukuni da yawa, a kowane rukuni kuma a sa waɗanda suka san ɗakin su ja sauran. Mataimakan da suka sami horo suna cikin waɗanda suka riƙe wannan matsayi.

Mai karatu a Maraɗi ko Damagaram ko Tawa ba baƙo ba ne ga ma'aikacin da ke ɗauke da nauyin likita. Majo ne ke riƙe da likitar ƙauye, kuma a ɗakunan tiyata da yawa ma'aikacin da ya ƙware kan sa barci ne ke tsaron numfashin majinyaci. Abin lura a tsarin Amurka shi ne, duk da yawan dukiyarta, asibitocinta sun ga takardar makaranta kaɗai ba ta wadatar a wannan ɗaki, sai an haɗa ta da watanni na aiki a gaban gwani, da littafin ƙidaya, da jarrabawa. Na'ura ana sayenta a sauke ta a rana ɗaya, mai kula da ita kuwa sai an yi shekara ana shirya shi. Ba a fafe gora ranar tafiya.